Kashin Dankali ko Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka? Abin da ke Faruwa Idan Ƙaramin Kamfani Ya Haɗa Kai da Babba

Duk wanda ya tashi a Jos ya san wahalar acha ba a gona take ba. Ƙwayarta ta fi ta gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ga dusa manne da ita, ga yashi da ke shiga tun a masussuka. Mace sai ta wuni a bakin turmi tana surfe, ta bakace, ta wanke, ta rege a ƙwarya sau ba adadi, amma duk da haka ranar da aka yi rashin sa'a mai shan gwate sai ya ji ƙaras a haƙori. Shi ya sa mudun gyararriyar acha yake da tsada. Shi ya sa kuma kawuna, wanda ke sana'ar walda a Dilimi, ya ɗaura aniyar sai ya ƙera injin da zai raba mata da wannan aiki.

Ba shi ya fara wannan tunani ba. Wani malamin koyar da sana'a a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera irin injin tun a shekarun 1990, har ya samu kyautar Rolex a 1996. Amma Kawu bai taɓa ganin na Senegal ba. Da lalube ya yi nasa, da guntayen ƙarfe da tsohuwar roba. Ni nake riƙe masa littafin lissafi a lokacin, saboda haka na san abin da ya narke kafin injin ya fara fitar da acha fara tas ba tare da ya mai da rabinta gari ba.

Wata Laraba da hantsi sai ga baƙi uku a mota mai lambar Legas, daga wani babban kamfanin abinci da ke son fara zuba acha a kwali yana kai wa manyan kantuna. Aka tayar da janareta, aka zuba mudu biyar, inji ya yi aikinsa. Ɗaya daga cikinsu ya damƙi achar yana murzawa a tafin hannu, yana gyaɗa kai. Murna ta kama Kawu, sai ya ɗauko sifana ya hau kwance murfin injin don ya nuna musu cikinsa, alhali duk sirrin yana nan ne, a tazarar da ke tsakanin gangar da ke juyawa da robar da ke gogar ƙwayar. Wayoyi biyu na ɗaukar bidiyo.

Na matsa kusa da shi na ce ƙasa-ƙasa, "Kawu, da an bar murfin nan a rufe."

Ya harare ni. "Kai yaro, mutum ya taso tun daga Ikko don ya ga aikinka, sannan ka ɓoye masa? Ina aka taɓa yin haka?"

Mai karatu zai zaci labarin sata zan ba shi. A'a. Har yau ban ga injin Kawu a hannun wani da wani suna ba. Abin da ya same shi ya fi sata yawan faruwa, kuma ba kotun da za ka kai ƙararsa: jira. Sun ce suna so, amma a sake ƙera shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, tunda abinci zai taɓa. Magana ce mai ma'ana. Kawu ya ci bashi ya sayo ƙarfen, ya jingine aikin injinan markaɗe da ke ciyar da gidansa da yaran shagonsa huɗu, ya yi wata uku a kai. Aka ɗauki samfur zuwa Legas. Daga nan sai "kwamiti bai zauna ba", sai "muna jiran kasafin sabuwar shekara", sai aka yi wa manajan da ya zo Dilimi canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai ma san da zancen ba. Wata 14 aka yi ana jeka-ka-dawo. A wurin kamfanin, fayil ne kawai ya kwana a kan tebur. A wurin Kawu, yara biyu ne suka bar shago suka koma tuƙin Keke.

Gundarin zancen haɗin gwiwar ƙarami da babba, a ganina, yana nan: babba yana iya jira, ƙarami ba ya iyawa. Sauran rigingimun, na wa ya mallaki me da na yaushe za a biya, rassa ne da suka tsiro daga wannan jijiya.

Me babba yake nema a shagon mai walda?

Mutane kan yi mamakin abin da zai kai kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaje-gwaje da biliyoyin naira wurin maƙeri, ko ɗakin wasu samari uku masu kwamfuta. Amsar tana cikin yadda ake gina babban kamfani. Ana gina shi ne don ya maimaita abu ɗaya sau miliyan ba kuskure. Biskit ɗin yau ya yi daidai da na jiya, buhun abincin kaji na Janairu ya yi daidai da na Yuli. Mu nan Jos mun san wannan ido da ido, tunda NASCO na garin tun 1963, ga kuma Grand Cereals a wajen shataletalen Zawan. A irin waɗannan masana'antu, daga mai binciken kuɗi har mai duba inganci, kowa aikinsa shi ne kada wani abu ya shigo layi sai an tantance shi. Ƙirƙira kuwa 'yar gwaji da kuskure ce. Manajan da ya amince da sabon abu, abin ya lalace, shi za a titsiye. Wanda ya ce a dakata a ƙara nazari, ba mai tambayarsa ribar da ta wuce ba a gani ba. Ko kai aka ɗora a kujerar, wanne za ka zaɓa?

Ƙarami ba shi da wannan nauyi a ka. Ya gwada da safe, abu ya lalace da azahar, ya gyara kafin magariba. Kuma yana zaune ne tare da masu matsalar. Kawu bai yi wani binciken kasuwa ba, ƙarar taɓaryar matan gidansu ce ta gaya masa akwai bukata. Sai dai abin da yake nema don ya kai ga mutum dubu ɗari yana hannun babba: jari, ɗakin gwaji, rajistar NAFDAC, motocin rarraba kaya, da sunan da idan mai saye ya gani a kwali hankalinsa ke kwanciya.

Idan aka dace, abin mamaki ake gani. BioNTech kamfani ne da ma'aurata likitoci, Uğur Şahin da Özlem Türeci, suka kafa tare da abokan aikinsu a Mainz ta Jamus a 2008. Har annobar korona ta ɓullo bai taɓa kai magani ko ɗaya kasuwa ba, amma ya shafe shekaru yana tara ilimin wata sabuwar hanyar haɗa rigakafi. Pfizer na Amurka kuwa yana da abin da ake bukata don gwada allura a jikin mutum sama da dubu 40 a ƙasashe daban-daban, da masana'antu, da hanyar jigilar kaya cikin matsanancin sanyi. Sun ƙulla yarjejeniya a Maris 2020, zuwa 2 ga Disamba Birtaniya ta amince da allurar. Abu biyu ake yawan tsallakewa idan ana ba da wannan labari. Sun riga sun san juna, domin tun 2018 suke aiki tare a kan rigakafin mura. Sannan ƙaramin bai sayar da iliminsa ba. Ya riƙe mallakar fasaharsa, aka raba riba biyu daidai, ya kuma keɓe wa kansa kasuwar Jamus da Turkiyya. Annoba ce ta tilasta wa babba ya yi gudu irin na ƙarami. Ba don haka ba, da wataƙila su ma sun ji "kwamiti bai zauna ba".

A gida ma akwai misali. Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 ya kuma yi zamansa a Abuja, da sayar da ƙananan taraktocinsa ya fara. Daga baya ya gane ba a nan ƙarfinsa yake ba, sai ya koma ga wata 'yar na'ura da ake maƙala wa kowace tarakta, wadda ke nuna wa mai ita inda take da yawan aikin da ta yi, tare da wakilai a ƙauyuka masu tara manoman da ke son huɗa don direba ya zo sau ɗaya ya yi wa mutum ashirin. John Deere, ƙaton kamfanin taraktoci na Amurka, ya iya ƙera tarakta fiye da kowa, amma bai san yadda za a yi manomi mai kadada ɗaya ya amfana da ita ba. A 2022 ya sayi ɗan hannun jari a Hello Tractor. Kowa ya tsaya a inda ya fi iyawa.

Hanyoyin haɗuwar ba ɗaya ba ne. Akwai inda babba ke sayen kaya kawai a hannun ƙarami. Akwai inda ƙarami ke ba da izinin amfani da fasaharsa ana biyansa la'ada a kan kowane guda. Akwai aikin tarayya, akwai sayen hannun jari, akwai kuma saye ɗungurungum, kamar yadda Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya sayi takwaransa na Najeriya, Paystack na Shola Akinlade da Ezra Olubi, a Oktoba 2020, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Sai kuma gasannin da bankuna da kamfanonin waya ke shiryawa, inda samari irin waɗanda ke taruwa a nHub nan Jos ke kwana biyu ba barci suna rubuta manhaja. Ban raina su ba, ana koyon abu, ana sanin mutane. Amma a tambayi wanda ya ci gasa bayan shekara ɗaya ko an ba shi oda ko da ta naira ɗaya. Sau da yawa ƙaton cek ɗin kwali da aka ɗauki hoto da shi ne kaɗai ya rage a jingine a bango.

Kayan da ba a iya mayarwa

Idan ka kai buhun dankali Farin Gada ciniki bai faɗa ba, ka ɗauki abinka ka koma Bokkos. Dabara ba haka take ba. Mai saye ba zai biya ba sai ya ga abin da zai saya, da zarar ya gani kuma ya riga ya samu. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Kenneth Arrow, ya yi bayanin wannan tarko tun 1962, amma duk wanzami da maƙeri da mai maganin gargajiya ya san shi tun kafin nan, shi ya sa ba a koya wa yaro sirrin sana'a sai ya daɗe a gindin murhu.

Mutanen Filato ba sa bukatar a je Turai a nemo musu misali. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai da Liruwen Dalma suna narka kuza, suna fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake na yawo da ita kasuwanni. A hannun fataken nan mutanen Kamfanin Neja suka gan ta, suka bi sawu har suka kai ga tushenta a farkon shekarun 1900. Ba a jima ba manyan kamfanoni suka mamaye filayen da lasisin gwamnatin mulkin mallaka, narkar gargajiya ta mutu murus. Masu ilimin farko suka tashi a tutar babu, mu kuma aka bar mana kududdufai daga Bukuru har Barikin Ladi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To yau akwai doka, sai dai ita ma lokaci take ci. Robert Kearns injiniya ne a Detroit wanda ya ƙirƙiri magogin gilashin mota mai gogewa yana tsayawa, irin wanda kowace mota ke da shi yanzu don yayyafi. Ya nuna wa Ford a shekarun 1960, aka yi ta hira, daga baya aka sallame shi, sai ga magogin ya fito a motoci. Yana da takardun mallaka a hannu. Ya shigar da ƙara a 1978, sai 1990 aka gama, inda masu taimaka wa alƙali suka ce an taka haƙƙinsa amma ba da gangan ba, Ford ya biya shi kimanin dala miliyan 10. Shekara 12 a Amurka, ga mutum mai digirin digirgir. A ƙiyasta abin da zai samu mai walda a Dilimi.

Sai batun biya, wanda ya fi kashe ƙananan kamfanoni a ɓoye. Mu yi lissafi a buɗe. A ce ka kai wa babban kamfani kayan da ka kashe wa naira miliyan 5, ribarka a kai dubu 500. Jarin bashi ne, a kan ruwan kashi 30 cikin 100 a shekara, wanda ba ƙari ba ne idan aka tuna a Nuwamba 2024 Babban Bankin Najeriya da kansa ya kai ma'auninsa kashi 27.5. Idan aka biya ka bayan kwana 90, ruwan ya ci dubu 375, saura dubu 125. Idan aka ja zuwa wata shida, ya ci dubu 750, ka yi wa kamfani aiki kyauta ka kuma cika dubu 250 daga aljihunka. Ba a ma sa hauhawar farashi ba, wadda ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekarar, ga shi kuɗin da za a ba ka ba zai sayi ƙarfen da ka yi aikin da shi ba. A zahiri ƙarami ne yake ba babba rance ba ruwa. Wannan shi ne kashin dankali na gaskiya: manya a sama suna ɗaukar ido, ƙanana a ƙasa suna ɗauke da nauyin.

Indiya ta sa doka tun 2006 cewa kada biyan ƙaramin kamfani ya wuce kwana 45, in ya wuce ruwa ya hau kan mai jinkiri. Tarayyar Turai ta sa kwana 60 tsakanin kamfanoni a 2011, hukumomin gwamnati kuma 30. Da za a tambaye ni abu ɗaya da zai fi taimaka wa masu ƙirƙira a nan, irin wannan zan zaɓa, kafin kowane taron bita a otal ɗin Abuja.

Takardar da ta zo a wata na 14

Daga ƙarshe dai takarda ta iso wurin Kawu, shafi 11 da Turancin lauyoyi. Har ya nemi biro, don shi a ganinsa wahala ta zo ƙarshe. Na roƙe shi ya bari wata 'yar'uwarmu lauya ta duba. Ta kwana da ita, da safe ta ja layi ƙarƙashin wurare uku.

Na farko ya ce duk wani gyara ko ƙari da aka yi wa injin a lokacin aikin mallakar kamfani ne. Ta ce mana ko da ba su rubuta ba ma, dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta tanadi cewa abin da aka ƙirƙira a cikin aikin kwangila, haƙƙin yi masa rajista na wanda ya ba da kwangilar ne. Wato injin ƙarfe mara tsatsa da Kawu ya ci bashi ya ƙera, da zarar an kira shi aikin da kamfani ya sa a yi, ya fara zamewa daga hannunsa. Maganin abin shi ne a rubuta tun farko, dalla-dalla, abin da kowa ya zo da shi daga gidansa, da yadda za a yi da abin da aka haifa tare. Kuma in za a yi rajista, a yi ta kafin a baza abu a bainar jama'a, domin doka sabon abu take karewa. Rajistar na ba da kariyar shekara 20, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma hukumar NOTAP a Abuja na taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu. Sai dai a sani, ofishin rajista na nan tsarin takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske. In rigima ta tashi kotu ce za ta raba.

Na biyu ya ce Kawu ba zai sayar wa kowa irin injin ba har shekara biyar, alhali babu inda kamfanin ya yi alkawarin sayen ko da guda goma. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, kuma a nan ne tarihin Microsoft yake da amfani. A 1980, lokacin da IBM mai ma'aikata sama da dubu 300 ya nemi manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarsa, Microsoft ma'aikatansa ba su kai ɗari ba. Bai ma mallaki manhajar ba, sayo ta ya yi daga wani ƙaramin kamfani a Seattle ya gyara. Amma Bill Gates ya riƙe abu ɗaya: izinin amfani ya ba IBM, yana da 'yancin sayar wa wasu. Kwamfutar ta fito a Agusta 1981, wasu kamfanoni suka fara ƙera irinta, kowannensu kuma sai ya biyo ta ƙofar Microsoft. Layi ɗaya a takarda ya juya wa ke sama wa ke ƙasa. Ba laifi ba ne babba ya nemi a keɓe masa abu, tunda shi ma zai zuba kuɗi. Amma keɓewa haja ce, sayenta ake yi: a sa mata wa'adi gajere, a sa mata iyakar yanki, a rubuta mafi ƙarancin abin da zai saya.

Na uku shi ne biya bayan kwana 90 daga ranar da kamfani ya "gamsu", ba a kuma faɗi wa zai gamsu ba, ko da wane ma'auni. Lauyar ta yi dariya ta ce, "Kawu, ai wannan ko bashin maƙwabci ya fi shi tsari." Ta tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da wa'adinsa take, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cinikin abin da za a ƙera, inda ake fayyace siffa da farashi tun kafin a hura wuta. Kafin alƙalami ba baƙon abu ba ne a kasuwarmu. Tela ma yana karɓa. Me zai sa mutum ya ji kunyar nemansa don kawai mai odar ya zo da katin kamfani?

Kawu bai sa hannu ba. Su ma ba su sake kira ba.

Kada a ce na ɗora wa manya laifi duka. Na zauna da wani da ya yi aikin sayen kaya a babbar masana'anta, kukansa ma abin ji ne. Samfur ya zo da kyau, ka ba da odar 50, goma na farko su yi daidai, sauran kowanne da girmansa. Ka nemi rasit ko lambar haraji, babu. Kamfanin ba rajista, duk da dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfaninsa rajista shi kaɗai. Duk ilimin yana kan mutum guda, ranar da ya tafi Umara ko ya kwanta ciwo aiki ya tsaya. Kawu kansa ba shi da zanen injinsa a takarda, da ido da ɗan yatsa yake auna tazarar nan. Yaya masana'anta za ta jingina layinta da haka? Akwai kuma saɓa alkawari. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa don rashin tumatir. A shekarar farko tsutsar nan da manoma ke kira sharon ce ta cinye gonaki, a wasu lokutan kuma saɓanin farashi ne, domin idan kwando ya yi tsada a kasuwa, can manomi yake kaiwa. Shi ma ƙarami, ranar da ya ga shi ke da wuƙa da nama, yakan manta da takarda. Abin da ke bayan wannan ma dai rashin iya jiran ne: wanda ake bi bashin taki ba ya kallon kakar baɗi.

Gwamnati ta ɗan motsa. A ranar 19 ga Oktoba 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi shaida ta musamman ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, ta yi alkawarin asusun aƙalla naira biliyan 10 duk shekara, ta kuma ba masu zuba jari rangwamen haraji, abin da zai iya jawo manyan kamfanoni su saka kuɗi a ƙanana. Sai dai fasahar kwamfuta da intanet dokar ta dosa. Mai walda, mai haɗa abincin kifi, matar da ta gano yadda za a busar da tumatir bai yi baƙi ba, duk suna waje. A ƙasar da ƙididdigar hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta nuna tana da ƙananan sana'o'i kusan miliyan 40, mafi yawan ƙirƙira da guduma da murhu ake yinta. Abin da irinsu ke bukata shi ne na uku mai gaskiya a tsakani, wanda zai gwada abu ya ba da shaida, don kada sai an kwance murfi a gaban mai saye. Cibiyar NCAM ta Ilorin na gwada injinan noma. Mu nan muna da Jami'ar Jos, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924, da tashar binciken dankali a Kuru. Tsakanin Dilimi da Vom tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, amma ban taɓa ganin mai farar riga daga can a layin masu walda ba, su ma masu waldar ba sa zuwa.

Akwai wata hanya da ba a cika faɗa ba, wato ka yi wa babba aiki don ka koyi inda ƙafarsa ba ta kaiwa. Moniepoint, wanda na'urarsa ta POS ke kowane lungu daga Terminus har Gangare, da sunan TeamApt ya fara a 2015, yana rubuta wa bankuna manhaja. Daga cikin bankunan Tosin Eniolorunda da abokansa suka ga ɗimbin masu shaguna da bankin bai iya yi wa hidima. A 2019 suka fita suka nufi mutanen kai tsaye. Zuwa Oktoba 2024 darajar kamfanin ta haura dala biliyan ɗaya, manya irin su Google suna cikin masu zuba masa jari. Kuɗin aikin bankuna ne ya ba su abin da ƙarami ya fi rasa, wato damar numfasawa.

Shi ma Kawu da ƙyar ya numfasa. Ya koma kan injinan markaɗensa har ya biya bashi, yana ƙera na acha ɗaya-ɗaya yana sayar wa ƙungiyoyin mata a Mangu da Pankshin. Ya sa wani ɗalibin injiniya ya zana masa injin a takarda, ya yi wa shagon rajista. Bara wani kamfani daga Abuja ya zo. Wannan karon murfin na da kwaɗo. An zuba acha ta sama, ta fito ta ƙasa, abin da suka gani ke nan. Ya ce musu samfur sai an biya rabi, kuma a rubuta rana: in kwana 90 suka cika ba amsa, kowa ya kama gabansa. Sun yarda da waɗannan biyun. A kan keɓewa ake ta ja, su suna son shekara uku, shi ya tsaya a kan ɗaya.

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa shagon na tambaye shi inda aka kwana.

"Sun ce kwamiti zai zauna ranar Talata."

"To, Kawu, in bai zauna ba fa?"

Ya ɗaga baƙin gilashin waldarsa ya nuna mini kalandar bango, inda ya zagaye wata rana da jan biro. Sannan ya ce in matsa daga kan waya, akwai wata mata daga Pankshin da ta ba da rabin kuɗi, ranar kasuwa za ta aiko a ɗaukar mata.